Ƙayar Barshumi

"Wuta ɓata abinci take yi, mai ilimi ɗanye yake ci," in ji maigidan. Ya tura kwandon barshumi, wasu 'ya'yan itace masu ƙananan ƙayoyi a ɓawo daga garin Ɗa'ifa, gaban surukinsa da ya iso hajji a ƙafa daga Katsina.

Tsohon ya ɗauki ɗaya. "Malam, kamar yana suka."

"Rashin sabo ne, Baba. Shekaru ina ci."

Tsohon ya gatsa har ɓawo. Kunya ta hana shi tofarwa, sai hawaye ke gangarawa cikin gemunsa.

Nan maigidan ya tuna: shi kullum a fere yake samunsa a faranti.

Matarsa ta fito, ba ta dube shi ba. Ta durƙusa tana tsince wa mahaifinta ƙayoyi daga leɓe, da yatsun da suka daɗe da sanin zafinsu.