Famfon Yana Ciki

"Ke ce ko kai ne, nan dai na mata ne!" Wata mata ta tare ƙofar banɗakin tashar motar birnin Multan, jariri a kafaɗarta.

Wadda aka tare ɗin mararta kamar ta fashe. Tun safe ko shayi ba ta kurɓa ba, don gudun wannan wulaƙanci. Ɓangaren maza ma da ihu suka koro ta. Namiji aka haife ta, mace take rayuwa. A al'adar garin, irinsu ake gayyata gidan haihuwa su sa wa jariri albarka, wai addu'arsu ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Ta zagaya bayan motoci ta tsuguna cikin bola, direbobi na leƙe suna dariya.

Tana dawowa matar ta sha gabanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, don Allah shafa masa kai. Kwana biyu ba ya kama nono."

Ta dubi yaron, ta dubi tafin hannunta, ta mayar da hannun baya.

"Da wane hannun? Famfon yana can inda kika hana ni shiga."