Taƙi Ɗaya Daga Kowace Katanga

Kai da kake cewa garin nan ya mutu, jana'iza kawai ta rage, gyara zama ka ji abin da wani magini ya yi.

A wata tsohuwar unguwa yake, wadda tun da masana'antun garin suka rufe take ta zubar da mutane. Kowace damina ruwa kan kwanta a lungunsu har gwiwa. Dabarar mutanen kuwa ɗaya ce: kowa ya kira magini ya ɗaga masa dakali, ya turo katanga gaba kaɗan, ruwa ya nufi gidan maƙwabci. Shi kuma maƙwabcin wa zai kira? Maginin nan dai! Shekara ashirin yana cin tuwo da wannan sana'a, har lungun da jaki ke wucewa da kaya ya koma sai mutum ya karkace. Ruwa ya rasa hanya, ya taru a gangare, gidan da ke gangaren kuwa nasa ne, ginin kakansa. Shekarar da zaurensa ya tsage, matarsa ta ɗaure kwanukanta, ta ce in gidan ya sake jiƙewa, ya jiƙe da shi kaɗai.

Ranar ruwan farko ya naɗe wando ya bi ruwan da ƙafa, don ya ga abin da ke tare shi. Duk inda ya ci karo, aikin hannunsa ne. Kunya ta kama shi har wuya. Ya ɗauko diga ya fara da nasa dakalin, wanda yake shan iska a kai, sannan ya je wurin mai unguwa da roƙo ɗaya: ba a ce kowa ya rushe gidansa ba, amma duk wanda zai gyara katanga bayan damina ya ja ta baya taƙi ɗaya, shi zai gina masa kyauta. Aka yi ta dariya, wai taƙi ɗaya ko kaza ba ta isa ta kwanta ba. Shekarar farko gida uku suka yarda. Ruwan ya sauka zuwa idon sawu, matar ba ta tafi ba, ba ta kuma kwance kayanta ba. Shekara ta biyu gida tara. Ta huɗu, wanda bai ja katangarsa ba shi ake nunawa da baki.

A shekara ta bakwai aka yi gayya, aka haƙa magudana daga bakin masallaci har rafi. Da hadari ya sako, zo ka ga maginin nan, tsoho da furfura, yana tsere da ruwa, hula ta faɗi bai waiwaya ba, yana ta ihu: "Ga shi nan yana tafiya, jama'a! Yana tafiya!" Murna kamar ta kashe shi. Kafin kaka Keke Napep ya fara shiga lungun, tela ya buɗe shagon da ya shekara goma a kulle, waɗanda suka ƙaura suka fara zuwa duba tsofaffin gidajensu. Matar magini kuwa ta kwance ɗaurinta, ta kafa kaskon ƙosai daidai inda dakalin yake a dā.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, da yayyafi kogi kan cika.