Zanga-zangar Aina'u

"Ku ɗaga murya, ba na jin ku!" in ji Aina'u, tana saita kyamarar wayarta.

Gobe za ta miƙa fim ɗinta a makaranta, ga shi 'yan ajinsu sun ƙi biyo ta Challawa. Dole ta roƙi ma'aikatan wata masaƙa da suka fito cin abincin rana su yi mata wasan masu zanga-zanga. Malam Ya'u, abokin babanta, shi ya riƙe babban kwalin.

"A gyara mana fanka! A ba mu hutun Asabar!"

Sai ƙofar kamfanin ta buɗe. Manaja ya fito yana share gumi. Ya dubi kwalayen, ya dubi wayar.

"Don Allah kar a kai wa 'yan jarida. Na amince, duka biyun."

Aina'u ta rikice. "Ranka ya daɗe, ai wannan fim ne na..."

Malam Ya'u ya yi tari mai ƙarfi, ya sha gabanta, ya rage murya.

"Yi shiru, 'yata. Shekara shida muna roƙon fankar nan. Fim ɗin naki yana da kashi na biyu?"