Ƙara Nisa

"Ƙara nisa, Fermín!" Wilma ta ƙwala wa mijinta kira.

Ni ne direbansu, Don Zenón suke kirana. Ina kwance kan shimfiɗaɗɗen filin gishiri na Uyuni riƙe da wayarta, zan ɗauke su hoton da kowa ke so: mutum ya yi nisa har ya ƙanƙance, kamar yana tsaye a tafin hannunka. Sauran matafiyan tuni sun goya jakunkunansu.

Na ce, "Haba Doña Wilma, ai ya shiga tafinki tun ɗazu. Bawan Allah tari yake, ki tausaya masa mana."

Ba ta sauke tafin da ta miƙa ba.

"Wata biyu likita ya ce ya rage masa, Don Zenón. So nake idona ya fara sabawa da nisansa."

Ta buɗe baki za ta sake cewa ya ƙara nisa, amma sai ta ce:

"Fermín, dawo!"