Hanyar Hamidu

NEPA ta maido da wuta, Muhammad Sani ya kunna kwamfutar ofishin Gusau. Ya duba hanyoyin saƙo a cikinta. Babu komai. Ya kulle ɗakin ya tafi salla. Da ya dawo, ga hanya nan a rubuce.

Kamfanin auduga ne mai ofis uku, kuma kwamfuta ba ta san hanya ba sai an rubuta mata: saƙon Tsafe ya bi nan, na Bungudu ya bi can. Hamidu, amininsa, shi ya rubuta hanyoyin kafin ruwa ya tafi da shi a gulbin Bungudu. Ba a ga gawa ba.

Kwamfutar Bungudu irin Unix ce, ta riƙe hanyarta. Ta Tsafe NT ce, ita ma ba ta mantuwa. Ta Gusau kuwa Windows 98 ce, da an ɗauke wuta ta mance, sai hannun mai rai ya sake bugawa. Kuma ana bugawa. A ƙarshen layin har da lambar tara, wadda Hamidu kaɗai ke ƙarawa don son ransa.

Juma'a za a ɗaura auren Muhammad Sani da Wasila, matar Hamidu, bayan alƙali ya sallame ta daga aurensa. Kamfani ya ba ta aikin tafireta don tausayi, tana zaune bayan ƙofa da makullan ofis, ko kallon kwamfuta ba ta yi.

Ya je Tsafe, ya je Bungudu, ya bincike kowace waya. Ba a shigo daga waje ba. Ranar Alhamis ya ga ja-ja a kan maɓallin tara, kamar busasshen jini. Ko Hamidu na da rai, ko fatalwarsa ba ta kwanta ba. Ko wanne ne, wa zai auri matarsa?

"Wasila, a ɗaga auren ga," ya ce.

"Kuma dai, Malam? To mi zan ce? Allah shi kai mu."

Ya fita kamar an kore shi. Wuta ta ɗauke, ta dawo. Wasila ta tashi, ta buɗe ɗakin, ta buga layin yadda mijinta ya koya mata, sannan ta sa bakin mayafi ta goge lallen yatsanta daga kan tara.