Zoben Lorraine da Dusar Ƙanƙara

Tun rasuwar mijin Lorraine, Wendell, ɗan cocinsu, ke kwashe mata dusar ƙanƙara a ƙofar gida, har aka yi musu baiko. Ran Lahadi bayan an tashi coci, ya tsaya jikin motarta yana murza hula.

"Lorraine, na tafka abin kunya. Wata ce a intanet ta sa na tuɓe gaban kyamara. Ashe 'yan damfara ne. In ban biya ba, duk 'yan cocinmu za su gani."

"Haba Wendell, da furfurarka?"

Ta zare zoben baikon, ta mayar masa da abinsa. Bai musa ba.

Har yau tana cizon yatsa kan girgiza kai da ta yi lokacin da ya ce, "To, ko ƙanƙarar ki bar ni in riƙa kwashewa."