Baffan da Ke Gudun Ɗaurin Aure

Kai da ka zo kana huci wai ɗan'uwanka ya raina ka don ya bar walimarka tun ba a raba abinci ba, sassauta murya, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi mai 'ya'ya mata, yana da ƙane guda ɗaya tilo, maɗinkin hula. Ƙanen nan mutum ne shiru-shiru, ba ya son haɗa ido da kowa, daga shi sai allurarsa. Ka dai san al'adarmu, uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, baffa ne waliyyi. To, ranar auren babbar, manomi ya shimfiɗa wa ƙanen nan darduma a ƙofar gida, tsakiyar jama'a. Janareto na ruri, lasifika na tsage kunne, sanƙira na kwarara kirari, wannan ya miƙo hannu, wancan ya dafa kafaɗa, ga turare kala-kala ya cakuɗe da hayaƙi. Kafin liman ya gyara murya aka waiga, babu baffa, sai takalmansa. Dole wani maƙwabci ya karɓi waliccin, manomi kuwa don kunya ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Abin ya ɗaure masa kai. Me na yi wa yaron nan? Matarsa ta ce girman kai ne kawai. Wani ya ce ai mutanen ɓoye ne, a nemo hayaƙi. Abokansa na majalisa suka ce a'a, fushi ya yi, ba a ba shi girmansa ba. Wannan maganar ita ta zauna masa. Da auren ta biyu ya zo, sai ya rantse bana ƙaninsa zai san shi ɗan dangi ne. Ya ɗinka masa babbar riga ta shadda, sitaci har tana ƙara, ya dasa masa kujera a gindin lasifika, ya ɗauko makaɗa, ya ja kunnen sanƙira kada ya bari sunan baffa ya huce a bakinsa. Ka ji fa! Wannan karon bawan Allah ko gudun bai iya ba. Ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya dunƙule a kan kujerar, yana kaɗa kai gaba da baya, jama'a sun yi cirko-cirko suna kallo. Sai da aka tallafe shi aka kai shi gida. Tun daga ranar bai sake taka ƙofar yayansa ba.

Manomi ya rasa tudun dafawa. An rage girma ya gudu, an ƙara girma ya faɗi, to me ake so a yi? Ga shi an sa wa autarsa rana, ita kuma ta kafe da kuka, ta ce ba za a ba da ita a hannun maƙwabci kamar marar dangi ba, baffanta take so. Duk garin nan ba wanda manomi bai tambaya ba, in ban da mutum ɗaya. Da ya ga uwar bari, sai ya je wurinsa. Ya same shi a inuwar bayan ɗaki yana ɗinki, ya zauna, ya ce, "Ƙanena, don Allah me na yi maka?" Maɗinki bai ɗago kai ba. Ya ce, "Ba ka yi mini komai ba, Yaya. Ƙarar ce. Ku a kunne take tsaya muku, ni har cikin ƙashina take shiga. In taro na magana, kowa nake ji lokaci guda, ba wanda zan iya ajiyewa."

Kada in yi maka ƙarya, manomi bai gane ba. Ya dawo gida yana ta mamakin yadda kiɗan da ke sa shi taka rawa zai zame wa wani duka. Amma duk da haka ya kwashe buhuna daga ɗakin hatsi da ke can ƙuryar gida, ya share, ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye tulun ruwa, ya saki labule. Ya hana turare a wurin, ya ce ba mai shiga gaisuwa, sannan ya je ya gaya wa ƙaninsa nan ne mazauninsa ranar biki. Mutane suka hau tsegumi, wai wane irin wulaƙanci ne a kai waliyyi ɗakin hatsi? Shi kansa zuciyarsa sai da ta yi ta raya masa ko dai ya sake kwafsawa ne.

Ranar ɗaurin aure, da lokaci ya yi, ya sa aka kashe janareto, makaɗa suka ajiye ganguna. Baffa ya fito cikin tsohuwar rigarsa mai laushi, ya zauna gefen liman. Aka nemi aure, ya ce ya bayar, da murya sarai wadda kowa ya ji. Aka shafa fatiha, ya koma ciki, aka ci gaba da shagali. Can da la'asar manomi ya ɗaga labule, ya tabbata tabarma kawai zai tarar. Sai ga ƙaninsa zaune yana cin tuwon biki, har yana tambaya ko an kusa tafiya da amarya, yana so ya sa mata albarka. Manomi ya tsaya a bakin ƙofa, hawaye ya cika masa ido, don tun suna yara bai taɓa ganin ƙaninsa ya kai ƙarshen wani taro ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.